Fadojin Yaƙin Northumberland: Wasu Sun Zama Kango, Wasu Har Yau Ana Kwana a Ciki

Ga waɗanda datarsu ba ta isa su saurari murya, ga rubutun shirin wannan makon kamar yadda muka saba.

Yau za mu leƙa can ƙuryar arewacin Ingila, wata gunduma da ake kira Northumberland. Masu kallon ƙwallo ai sun san Newcastle. To, in ka bar Newcastle ka miƙi hanyar arewa har ka kai iyakar Sikotlan, duk ƙasar da ka ratsa ita ce Northumberland. Gabas da ita teku ce, yamma kuma tuddai da makiyayar tumaki, mutanen ma ba su da yawa. Amma duk Ingila babu gundumar da ta kai ta yawan irin ginin nan da Turawa ke ce wa kasul. Ana ƙirga fiye da 70.

Bari in fara da fayyace kalmar. Kasul gidan basarake ne, kuma barikin dakarunsa ne, nan yake yanke hukunci, nan yake tara haraji, nan yake kulle wanda ya saɓa masa. Ya bambanta da ganuwar gari, wadda ke kewaye sarki da talaka gaba ɗaya. Shi wannan, mutum ɗaya da iyalinsa da yaransa yake karewa. Don sauƙi, zan riƙa cewa fadar yaƙi.

Tambayar da ta sa na ɗauko wannan batu ita ce: ga gine-gine a ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya ke dukansu, yaƙi ɗaya suka gani. Me ya sa yau wasu tsuntsaye ne kawai ke kwana a ciki, wasu kuma in dare ya yi sai ka hango fitila a tagoginsu? Ni dai abin da na fahimta shi ne, kaurin bango bai cika yanke wannan hukuncin ba. Wadda ta samu sabon aiki bayan na farko ya ƙare, kuma aka samu mai kula da rufinta, ita ce ta rayu. Ku biyo ni ku gani.

Mu fara da Bamburgh, wadda ke kan wani ƙaton dutse a bakin teku. Tsofaffin littattafan tarihin Ingila sun ce wani sarki mai suna Ida ya kafa mazauninsa a nan a shekarar 547. A 993 maharan teku da ake kira Vikings suka auka mata suka lalata ta. Amma irin fadar yaƙin da muke magana a kai sai bayan 1066 ta yaɗu, lokacin da William na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Mutanen arewa sun yi masa tawaye, shi kuma ya ƙone musu gonaki da garuruwa. Wanda ya ci ƙasa da takobi kuwa dole ya nemi inda zai kwana ido rufe. A 1080 ɗansa Robert ya gina wata sabuwar fada a bakin kogin Tyne, kuma daga nan ne sunan Newcastle ya samo asali, ma'anarsa sabon kasul.

Na farkon nan fa ba da dutse aka yi su ba. Gwalalo ake haƙawa, a tara ƙasar ta zama tudu, a kafe katako a kewaye, a ɗora soron katako a bisa. In ka je ƙauyen Elsdon yau za ka ga irin wannan tudun da raminsa, ciyawa ta rufe su, ba ko dutse ɗaya a kai. Masu wurin sun tashi sun koma wani waje kafin a kai ga yi masa ginin dutse, shi ke nan labarinsa ya tsaya. Sauran kuwa a ƙarni na 12 aka riƙa sake su da dutse. Norham, wadda ke gadin mashigin kogin Tweed a daidai kan iyaka, bishop ɗin Durham mai suna Ranulf Flambard ne ya kafa ta a 1121. E, malamin coci ne, amma a wancan zamanin bishop ɗin Durham yana da dakaru da kotu kamar kowane sarki.

Abin da ya cika gundumar da fadoji shi ne yaƙin da ya ɓarke a 1296, da Sarki Edward na Ɗaya ya shiga Sikotlan. Daga nan aka shafe wajen shekara 300 iyakar nan ba ta san barci ba. Garin Berwick kaɗai ya sauya hannu fiye da sau goma kafin ya tsaya a hannun Ingila a 1482. Norham an taɓa yi mata ƙawanya ta kusan shekara guda a 1318. Ko lokacin da sarakuna suka ajiye makami, akwai dangogin ɓarayin shanu a ɓangarorin iyakar biyu, masu hawa doki da dare su kore garke su ƙone gida. Don haka kowa ya gina daidai aljihunsa. Mai ɗan hali ya yi doguwar hasumiya mai hawa uku ko huɗu. Har limaman coci a ƙauyuka irin su Corbridge a hasumiya suke kwana. Manomi mai ɗan rufin asiri kuma ya yi gidan dutse mai hawa biyu: shanu a ƙasa, iyali a sama, in magariba ta yi a janye tsani. Wani lissafi da aka yi a 1415 ya kawo sunayen fadoji da hasumiyoyi fiye da 100 a wannan gunduma ita kaɗai.

Kada ku ɗauka duka tsoron Sikotlan ne ya gina su. Akwai na nuna isa. Dunstanburgh misali, wadda Thomas na Lancaster ya fara a 1313. Shi ɗan'uwan Sarki Edward na Biyu ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Sai ya zaɓi wani tsauni a bakin teku, daidai inda za a riƙa hango shi daga fadar sarki ta Bamburgh, ya gina ƙofa mai hasumiya biyu kamar ya ce wa sarki "ga ni nan". Bai more ta ba. A 1322 aka kama shi bayan ya sha kashi a yaƙi, aka sare masa kai. Ku riƙe wannan a ranku: gini ne babba, nesa da gari, ba ya gadin wata babbar hanya.

Sai dangin Percy, waɗanda suka zama kamar sarakunan arewa. Sun sayi Alnwick a 1309, Warkworth kuma ta shigo hannunsu a 1332. Cikinsu ne aka yi jarumin nan Harry Hotspur, wanda ƙungiyar Tottenham Hotspur ta ari sunansa. Ya yi wa Sarki Henry na Huɗu tawaye aka kashe shi a 1403. Bayan shekara biyu mahaifinsa ya sake ta da ƙayar baya, sarki ya taho Warkworth da wani sabon abu: igwa. An ce harbi bakwai kacal aka yi, na ciki suka buɗe ƙofa.

A 1464, lokacin yaƙin basasar gidan York da gidan Lancaster, aka jera manyan igwoyi a gaban Bamburgh, har da masu suna Newcastle da London, aka yi ta dukan bango duwatsu na faɗawa teku. Ita ake yawan ambata a matsayin fadar farko a Ingila da igwa ta karya. A 1513 Sarki James na Huɗu na Sikotlan ya fasa Norham cikin 'yan kwanaki, kafin shi ma a kashe shi a fagen Flodden a watan Satumba na shekarar. Dogon bango da a da yake hana a hauro, yanzu ya zama abin saiti. Shi ya sa da aka zo kare Berwick daga 1558, sai aka yi gajerun ganuwoyi masu kauri, cike da ƙasa, waɗanda ke haɗiye harsashi. Tsohuwar fadar garin aka bar ta a waje.

To amma ga inda labarin ya ba ni mamaki. Igwa ta fasa bango, gaskiya ne, sai dai bangon da aka fasa ana iya gyara shi, kuma Norham an gyara ta bayan 1513. Babban dukan ya zo ne a 1603, da Sarauniya Elizabeth ta mutu ba ɗa, sarkin Sikotlan James na Shida ya gaji gadon Ingila. Ƙasashen biyu suka koma ƙarƙashin sarki ɗaya. Aka murƙushe ɓarayin shanu, aka rage sojojin iyaka. Wa zai ci gaba da kashe kuɗi kan gida mai sanyi da duhu, mai ƙananan tagogi, alhali ba wanda zai kawo hari?

Dubi Warkworth. Dangin Percy sun koma zama a gidajensu na kudu. A 1672 matar basaraken da ya rasu ta ba wani ma'aikacin gidan mai suna John Clarke izinin ɗibar kayan gini daga fadar. Amalanke 272 ya cika da dalmar rufi da katako da sauransu, ya je ya gina gidansa. A ƙasar da ruwa ke zuba kusan duk shekara, in ka kware wa gini rufi ka gama da shi. Ruwa ya shiga bango, sanyi ya daskarar da shi ya tsaga dutse, itatuwa su tsiro a tsagar. Abin da sojojin sarki ba su yi ba, mai riƙe da littafin lissafi ya yi shi da takardar izini.

Fadar Berwick ta fi shan wahala. An yi ta kwasar duwatsunta ana gina coci da gidaje, sannan a shekarun 1840 kamfanin jirgin ƙasa ya rushe mafi yawan abin da ya rage ya gina tasha. Fasinja yau yana tsayawa jiran jirgi a daidai inda babban zauren fadar yake. A Newcastle ma layin dogo ya ratsa tsakiyar harabar, ya raba hasumiyar da ƙofarta. Dunstanburgh kuwa, wadda na ce ku riƙe a ranku, tun ƙarni na 16 ta zama kango, don ba ta da wani aiki da ya wuce alfaharin mutumin da ya gina ta.

Belsay ta nuna mana sauyin mataki-mataki. Hasumiya ce ta ƙarni na 14. A 1614, shekara 11 da haɗewar sarautun biyu, dangin Middleton suka jingina mata gida mai faffaɗan tagogi. A 1817 suka tattara suka koma sabon gida a kusa, wanda aka gina da fasalin gine-ginen Girka. Hasumiya, gidan zama, gidan ƙawa, duk a fili ɗaya, kana iya zagaya su da ƙafa.

Yanzu mu zo ga waɗanda suka tsira, mu ga yadda aka yi.

Aydon ta zama gidan manoma. Ba wani abin alfahari ba ne, amma manomi ba ya barin ɗakinsa na yoyo. An zauna a ciki ana noma har 1966, shi ya sa yau tana cikin gidajen ƙarni na 13 da suka fi zama cikakku a Ingila.

Bamburgh kuwa labarinta ne ya fi burge ni. Bishop ɗin Durham, Lord Crewe, ya saye ta a 1704 tana kango, da ya mutu ya bar dukiyarsa waƙafi don taimakon mabuƙata. Ɗaya daga cikin masu kula da waƙafin, Dakta John Sharp, ya gyara hasumiyar ya mayar da harabar wurin jinƙai. Aka buɗe makaranta, aka buɗe ɗakin shan magani, aka yi rumbu da injin niƙa mai aiki da iska ana sayar wa talaka hatsi da rahusa. Da yake gaɓar tekun wurin na cinye jiragen ruwa, in hazo ya sauka sai a riƙa harba bindiga ana kaɗa ƙararrawa don matuƙa su san inda suke. In guguwa ta taso, mahaya su yi ta sintiri a gaɓa. Wanda aka tsamo da rai a ba shi ɗaki da abinci, wanda teku ta turo gawarsa a binne shi kyauta. A 1786 aka kawo kwalekwalen ceto. Wannan John Sharp yayan Granville Sharp ne, mutumin da ya yi fafutukar hana bauta a kotunan Ingila, kuma yana cikin waɗanda suka tura 'yantattun bayi Saliyo a 1787.

A 1894 aka sayar da Bamburgh kan fam 60,000 ga William Armstrong. Sana'arsa? Ƙera igwa da jiragen yaƙi a masana'antarsa ta Elswick da ke Newcastle. Kun ga ikon Allah: fadar da igwa ta karya, kuɗin igwa ne ya sake tayar da ita. Ya mutu a 1900 aikin bai ƙare ba, kuma har yau tana hannun danginsa.

Alnwick ta kusa bin sahun Warkworth. Abin da ya cece ta shi ne a 1750 magajiyar gidan, Elizabeth, da mijinta Hugh Smithson, wanda ya ɗauki sunan Percy, suka yanke shawarar komawa arewa su zauna. Suka kira fitattun magina irin su Robert Adam suka gyara ta. Bayan shekara 100, Duke na huɗu ya ga aikin bai yi masa ba, ya sa Anthony Salvin ya cire mafi yawansa. Daga waje aka ƙara mata kamar ta zamanin yaƙi, daga ciki aka ƙawata ɗakuna irin na fadojin Italiya. A Yaƙin Duniya na Biyu 'yan matan wata makarantar Newcastle suka fake a ciki. Daga 1945 wani ɓangare ya zama kwalejin horar da malamai, a 1981 kuma ɗaliban wata jami'ar Amurka, St Cloud ta jihar Minnesota, suka fara zuwa karatu. An ɗauki sassan finafinan Harry Potter biyu na farko a harabarta, abin da ya jawo mata baƙi daga ko'ina. Ban da Windsor, ita ce fadar yaƙi mafi girma a Ingila da har yanzu ake zaune a ciki. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma dangin nan sun iya rawar.

Lindisfarne, wadda ke kan tsibirin da ruwa ke yanke hanyarsa sau biyu a rana, ita kanta da kayan aro aka gina ta wajajen 1550, daga duwatsun gidan ibadar da Sarki Henry na Takwas ya rufe. A farkon shekarun 1900 mai mujallar Country Life, Edward Hudson, ya sa Edwin Lutyens ya mayar da ita gidan hutu. Langley, wadda ta ƙone a 1405 ta yi kusan shekara 500 ba rufi, yau otal ce. Chillingham ta zama barikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya rufinta ya lalace, sai a 1982 Sir Humphry Wakefield ya saye ta ya shiga gyara.

Su kangayen fa? Su ma sun samu wani irin aiki. Tun ƙarshen ƙarni na 18 masu zane irin su Turner suka riƙa zana Dunstanburgh da Norham, mutane suka fara ganin kyau a abin da a da ake ɗauka wurin ɗibar dutse. A ƙarni na 20 gwamnati ta shigo. Warkworth ta koma ƙarƙashin kulawar hukuma a 1922, Dunstanburgh ta biyo baya, kuma a 1961 mai ita ya ba da ita kyauta ga ƙungiyar National Trust. Tsarin hukumar shi ne ba a sake ginawa, sai dai a tsayar da lalacewa a inda aka same ta: a cire itatuwa, a toshe saman bango kada ruwa ya shiga. Yau English Heritage ke riƙe da yawancinsu, kuma kuɗin shiga da na mambobi ne ke biyan magina.

Akwai abu biyu da ba zan tsallake ba. Na farko, kuɗin nan duka daga wani wuri ya fito. A da, daga harajin manoman da in mahara sun zo su ake ƙone wa bukka. Daga baya, daga hayar gonaki da ma'adinan kwal, da masana'antar makamai. In kana kallon zinaren da ke silin ɗin Alnwick, ka tuna da wanda ya shiga rami ya haƙo kwal. Na biyu, masu kishin tarihi da yawa suna ganin abin da Salvin da Armstrong suka yi ya wuce gyara, ya zama sabon gini da ke sanye da tsohuwar riga. Suna da hujja. Wanda ke son ya ga ainihin aikin maginin ƙarni na 14, Dunstanburgh da Warkworth za su fi ba shi gaskiya fiye da ɗakunan Alnwick.

Duk da haka ni ina tare da masu cewa a yi amfani da gini. Dalilina shi ne, kangon ma ba shi ke riƙe kansa ba. Ranar da aka daina biyan mai toshe tsagar bango, ruwa zai ci gaba daga inda John Clarke ya tsaya. Ko Lindisfarne mai rufi sai da aka rufe ta daga 2016 zuwa 2018 ana yaƙi da danshin da iskar teku ke cusawa cikin bango. Wato babu ranar da za a ce an gama ceton gini. Kowane zamani sai mutanensa sun amsa tambaya biyu: me za mu yi da wannan wuri, kuma wa zai biya kuɗin rufi? A Elsdon ba a samu mai amsawa ba, sai ciyawa. A Berwick kamfanin jirgin ƙasa ne ya amsa. A Bamburgh an amsa sau huɗu ko biyar, daga sarki zuwa mai jinƙan talakawa zuwa maƙerin igwa, shi ya sa har gobe akwai mai kunna fitila a can.

Nan za mu dakata a yau.